Wasan Bidiyo da Hannun da Ya Shanye

(Taken shiri. A rage sautin a hankali.)

Gaisuwa ga mutanen Ashanti New Town, wato Ash Town, da na Alabar, da Yalwa, da Akwatia Line, da Aboabo, da Asawase, da Sabon Zango, da duk inda muryar nan ta isa a cikin Kumasi da kewaye.

Duk wanda ya ratsa lungunan Ash Town bayan la'asar ya san ɗakunan nan da samari ke cikawa. An jera talabijin, kowa da abin latsawa a hannu, ana buga ƙwallo a PlayStation, ana ihu, ana gardama har magariba. Iyaye sun sha kuka da wannan abu, suna cewa ɓata lokaci ne da ɓarnar kuɗi, kuma kukan nasu akwai gaskiya a ciki. Amma kusan shekara ashirin ke nan likitoci a ƙasashe da dama suna shigar da dangin wannan na'ura ɗakin jinya, suna miƙa ta ga dattawan da ɓarin jikinsu ya shanye, suna cewa su yi wasa. Shirin yau zai duba dalilin da ya sa suke haka, da abin da bincike ya gano, da kuma abin da gidan da ke jinyar mai wannan lalura a zango zai ɗauka daga ciki. Amsar ta fi yi wa mai ƙaramin ƙarfi daɗi fiye da mai sayar da na'ura.

Da farko, mene ne wannan ciwo da ake kira shanyewar ɓarin jiki?

Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye abinci. Jini ne ke kai mata iska da suga a kowane lokaci ta cikin jijiyoyi. Idan gudan jini ya toshe wata jijiya, ko kuma jijiyar ta fashe jini ya malala, sashen ƙwaƙwalwar da take shayarwa yakan fara mutuwa cikin mintuna. Hannu da ƙafar da suka saki lafiyarsu ƙalau. Mai ba su umarni ne ya samu rauni. Kuma da yake ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke juya ɓarin dama na jiki, a mafi yawan mutane kuma a nan cibiyar magana take, sau da yawa wanda hannunsa na dama ya shanye yakan haɗa da sarƙewar harshe. Hukumar yaƙi da wannan ciwo ta duniya ta ƙiyasta cewa mutum ɗaya cikin huɗu da suka haura shekara 25 zai gamu da shi a rayuwarsa.

Kumasi na da hannu a cikin babban binciken da aka yi kan wannan ciwo a Afirka ta Yamma, wanda ake kira SIREN. An yi shi a asibitoci 15 na Ghana da Najeriya, cikinsu har da Asibitin Koyarwa na Komfo Anokye, wanda kowa ke kira Gee, da Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Daga Kumasi, Farfesa Fred Stephen Sarfo, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, yana cikin jagororinsa. An ɗauki mutum 2,118 da ciwon ya kama, aka gwada su da wasu 2,118 da bai kama ba, aka buga sakamakon a shekarar 2018. Matsakaicin shekarun majinyatan 59 ne, wato mutane ne masu riƙe da gida da kasuwa. Kashi 68 cikin 100 toshewar jijiya ce ta kayar da su, kashi 32 kuma fashewa. Sannan kusan kashi 91 cikin 100 na haɗarin yana rataye ne a wuyan abu guda: hawan jini.

To, an kai mutum asibiti, Allah ya yi da sauran kwana, an sallame shi. Daga nan ne wata doguwar tafiya ke farawa.

A ɗauka dattijo ne mai sana'ar goro, ko Hajiya mai sayar da koko da ƙosai da safe. Hannun dama shi ne na cin tuwo, shi ne na gaisawa a ƙofar masallaci, shi ne na karɓar kuɗi da miƙa canji. A zango, kamar a ƙasar Asante baki ɗaya, miƙa wa mutum abu da hagu sai an haɗa da neman afuwa. Wanda damarsa ta mutu yakan ji kunyar zama cikin taron suna ko na biki, ya koma ƙuryar ɗaki. Likitoci sun daɗe da sanin cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na masu wannan lalura suna faɗawa cikin ciwon damuwa, kuma mai damuwa ba ya son motsi.

Maganin hannun kuwa motsi ne, a ƙarƙashin kulawar likitan gashi, wanda ake kira fisiyo. Daga Ash Town zuwa Gee ba wata tafiya ba ce ga mai lafiya. Ga wanda sai an tallabe shi kafin ya tsallake kwatar ƙofar gida, lissafin daban ne. Motar haya ta turoturo ba ta yi masa, sai shatar tasi ko pragya, wato keke mai ƙafa uku. Sai an samu mai rakiya, wanda shi ma ya rufe rumfarsa a kasuwar Kejetia ko ya bar aikinsa a garejin Suame Magazine ranar. A yi haka sau biyu ko uku a mako, wata da watanni. Gidaje da yawa sukan fara da ƙwazo, daga baya aljihu ya gaji. Wani binciken da Farfesa Sarfo da abokan aikinsa suka yi a Kumasi, aka buga a 2017, ya tambayi mutum 100 da suka tsira daga ciwon. Rashin kuɗi na cikin manyan abubuwan da suka ce suna raba su da ɗakin gashi, kuma mafi yawansu sun nuna suna so a riƙa koya musu atisaye ta waya. Kaɗan ne daga cikinsu ke da babbar waya ta kansu, amma mafi yawa akwai mai ita a gidan.

Me ya sa motsi ke dawo da hannun da ya saki?

Sashen ƙwaƙwalwar da ya mutu ba ya dawowa. Amma maƙwabtansa suna iya koyon aikinsa. Duk direban pragya ya san cewa in babbar hanya ta cushe a Kejetia, ba zama ake yi ba. Lungu ake bi. Ranar farko ana ɓata, ana tambaya, ana komawa baya. In an yi ta bi kullum, sai lungun ya zama hanyar da hannu ya saba juya kan keke a cikinta ba tare da tunani ba. Haka umarnin ƙwaƙwalwa ke neman sabuwar hanya zuwa yatsu, kuma yawan bi ne ke buɗe ta.

An tabbatar da wannan a ɗakin gwaji. A 1996, wani masani a Amurka mai suna Randolph Nudo ya buga sakamakon aikinsa kan wasu ƙananan birai da suka samu rauni a sashen ƙwaƙwalwa mai juya hannu. Biran da aka sa su yi ta tsamo 'yan ƙwayoyin abinci daga ƙananan ramuka kullum, yankin hannu a ƙwaƙwalwarsu bai ƙanƙance ba, a wasu ma ya faɗaɗa zuwa gefe. Waɗanda aka bari ba horo, yankin ya ƙara shanyewa. A irin waɗannan gwaje-gwajen, dabba kan maimaita motsin sau ɗaruruwa a rana.

Mutane fa? A 2009, Catherine Lang da abokan aikinta suka zauna suna ƙirgawa a ɗakunan gashi na Amurka da Kanada, zama sama da 300. Sai suka ga cewa a zama ɗaya, majinyaci kan maimaita aikin hannu mai ma'ana kusan sau 32 ne kawai. Wannan a ƙasashen da ma'aikata da kayan aiki suke ke nan. Tsakanin 32 da ɗaruruwa akwai rata mai yawa.

Akwai kuma wata matsalar. Mutum ya gwada ɗaukar kofi da hannun da ya shanye, kofin ya faɗi, shayi ya zube, jikoki suna kallo. Gobe sai ya ɗauka da ɗaya hannun. Bayan wata uku ƙwaƙwalwa ta koyi mantawa da raunannen hannun, ko da kuwa ƙarfi ya fara dawo masa. Masanin Amurka Edward Taub ne ya bayyana wannan, ya kuma fito da dabarar sa wa lafiyayyen hannu safa mai kauri na wasu sa'o'i domin a tilasta wa ɗayan aiki. A Kano, Auwal Abdullahi na sashen gashi a Jami'ar Bayero ya gwada wannan dabara ta wata fuska mai sauƙi. Maimakon a ce wa majinyaci ya yi sa'a kaza, sai a ba shi adadi, sau 300 ko 600 a rana, a kasa gida uku. Bincikensa da aka buga a 2018 ya nuna cewa ana iya auna atisaye da ƙirge. Duk gidan da ke da carbi ya iya wannan lissafi.

Abin da ya rage shi ne: wa zai iya ɗaga hannu ya sauke sau ɗari uku a rana, wata shida, bai gaji ba?

(Ɗan gajeren kiɗa.)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne kan wasannin bidiyo da farfaɗo da hannu bayan shanyewar ɓarin jiki.

A ƙarshen 2006 kamfanin Nintendo na Japan ya fito da wata na'urar wasa mai suna Wii. Bambancinta da na baya shi ne ba a zaune ake latsa maɓalli kawai ba. Ana riƙe wani ɗan rimot ne mai jin motsi. In mutum ya wurga hannu, ɗan wasan da ke cikin talabijin ya buga ƙwallon tanis, in ya kai naushi, ya kai. Daga baya aka ƙara wani faifai da ake takawa, mai auna yadda mutum ke raba nauyinsa tsakanin ƙafa biyu. A 2010 kamfanin Microsoft ya fito da Kinect, wata kyamara mai ganin jiki baki ɗaya, ba a riƙe komai.

Likitocin gashi suka ga abin da suke nema. Wasa yana ba mutum maki nan take, ya ga ya ci ko ya faɗi. Yana ƙara wuya kaɗan-kaɗan yadda mutum ke ƙwarewa. Kuma yana ɗauke hankali daga ciwo zuwa buri: mutum na neman ya wuce makinsa na jiya, bai ankara ba ya ɗaga hannu sau ɗari.

A Toronto ta Kanada, likita Gustavo Saposnik ya yi gwajin farko da mutum 22, aka buga a 2010. Wasu sun yi wasannin motsa jiki da wani wasan girki a Wii, inda ake yanka da juya abinci da rimot, wasu kuma aka ba su karta da makamantanta. Masu Wii suka ɗan fi saurin hannu. Labari ya bazu, jaridu suka ɗauka, asibitoci suka yi ta saye.

Saposnik bai tsaya nan ba, domin mutum 22 ba su isa a yanke hukunci ba. Ya shirya babban gwaji a cibiyoyi 14 na ƙasashe huɗu: Kanada, Ajantina, Peru da Tailan. Mutum 141 da ciwon bai wuce wata uku da kama su ba, aka raba su biyu. Kowa yana samun gashinsa na yau da kullum, sannan a ƙara masa zama goma na sa'a guda-guda cikin mako biyu. Kashi ɗaya suna buga Wii. Ɗaya kashin suna buga karta, da bingo, da wasan jera 'yan katako mai suna Jenga, da wasan ƙwallo. Da sakamako ya fito a 2016, duka ɓangarorin sun samu ci gaba, kuma babu wani bambancin a zo a gani a tsakaninsu. Karta ta yi kunnen doki da na'ura.

A Ingila ma an yi gwaji da mutum 240 a cikin gidajensu, na tsawon mako shida, aka buga a 2017. Wasu Wii, wasu atisayen hannu da aka tsara musu. Nan ma ba wanda ya fi wani, sai dai na'urar ta fi cin kuɗi. A wannan shekarar dai, ƙungiyar Cochrane, mai tattara bincike-binciken lafiya tana tacewa, ta haɗa gwaji 72 da suka ƙunshi mutum 2,470. Abin da ta gano shi ne, in aka ɗauke gashi aka sa wasan bidiyo a madadinsa, hannu bai fi samun sauƙi ba. Amma in aka ɗora wasan a kan gashin, ya zama ƙarin lokacin motsi, ana ganin amfani.

Wannan shi ne zuciyar shirin yau. Babu wani sirri a cikin na'urar. Abin da ke gyara hannu shi ne yawan maimaici, da motsi mai manufa, da abin da zai sa mutum ya dawo gobe ya sake. Na'ura hanya ce ɗaya ta samun waɗannan. Wanda ke da ita ya yi amfani da ita. Wanda ba shi da ita bai rasa maganin ba.

A duba abin da ke cikin gidajen zango tun kafin zuwan talabijin. Ga oware, wasan da Hausawan Kumasi suka tarar wajen maƙwabtansu Asante: allo mai rami goma sha biyu, ƙwaya arba'in da takwas, huɗu a kowane rami. Mai wasa zai miƙa hannu, ya kwashe ƙwayoyin rami guda, ya bi ramuka yana sakin ɗaya-ɗaya. Likitan gashi zai gaya muku cewa ga mai shanyewar hannu, damƙewa ta fi sauƙi. Buɗe yatsu a saki abu shi ne jan aiki. Oware kuwa sakin nan shi ne wasan, kuma kafin a tashi daga zama ɗaya an yi shi ba adadi. Ga dara ta gidan kakanni, da ake haƙa ramukanta a ƙasa a jera tsakuwa ko kara. Ga ludo, da girgiza gwangwani da tura ɗa gida-gida. Ga dame da dattawa ke bugawa a gindin bishiya. Abin da aka gwada a Kanada da Peru karta ce da Jenga, amma motsin da suke nema shi ne wanda waɗannan ke nema: miƙa, kama, kai, saki.

Wanda ransa bai kwanta da karta ko ludo ba saboda dalilin addini, ƙofa a buɗe take. Jan carbi da raunannen hannu atisayen yatsu ne. Haka tsince wake a faranti, da jera goro a ganye, da ƙirga sulalla ana zubawa a gwangwani, da ninke ɗankwali, da ɓalle maɓallin riga. Abin da zai mayar da su wasa shi ne a sa musu lokaci da maki. Jika ya riƙe agogon waya ya ce, "Kaka, jiya wake ashirin kika tsince a minti biyu, yau mu ga ko za ki kai ashirin da biyar." A rubuta a bayan kalanda. Mutum in ya ga lambar tana hawa mako-mako, ba sai an roƙe shi ya zauna ba.

Kuma akwai abin da allon oware ke kawowa wanda ya fi motsin yatsu. Ba a buga shi mutum ɗaya. Dole aboki ya zo, a yi gardama, a yi dariya, a tuna da labarin ƙungiyoyin ƙwallon King Faisal da Kotoko. Dattijon da ya yi wata biyu bai fito ƙofar gida ba sai ga shi a kan benci.

Sai waya. Ita ce na'urar da ta riga ta shiga kowane gida. A Kumasi aka yi ɗaya daga cikin gwaje-gwajen farko na irinsa a wannan yanki: Farfesa Sarfo da abokan aikinsa suka ba mutum 20 wata manhaja mai suna 9zest a waya, tana nuna musu atisaye kwana biyar a mako har mako goma sha biyu, likitan gashi yana duba ci gabansu daga nesa yana ƙara musu mataki. Sakamakon da aka buga a 2018 ya nuna abin mai yiwuwa ne a nan, kuma majinyatan sun gamsu. Gwaji ne ƙarami, ba wasan bidiyo ba ne kai tsaye, amma ya nuna cewa ɗakin gashi zai iya bin mutum har tsakar gidansa. A nan samarin ɗakin wasan bidiyo ke da rana. Yaron da ya iya haɗa PlayStation da talabijin shi ne zai iya saita wa mahaifinsa manhaja, ya ɗauki bidiyon yadda yake motsa hannu, ya nuna wa likita ranar komawa asibiti.

Sai dai a lura: ba kowane wasan bidiyo ne atisaye ba. Ƙwallon da ake bugawa da manyan yatsu biyu a zaune ba ta motsa kafaɗa, kuma majinyaci zai bar wa lafiyayyen hannu aikin. Wasan waya na taɓawa da jan yatsa a fuskar allo zai iya taimakon yatsu, in an ajiye wayar a tebur aka yi da raunannen hannu. An daɗe da daina ƙera Wii da Kinect, don haka sai dai na hannu a kasuwa; kada gida ya ci bashi a kansu, balle ga ɗauke wuta.

(Ɗan gajeren kiɗa.)

Yanzu ga ƙa'idoji ga masu jinya, iyayenmu mata da 'yan'uwa da ke ɗawainiya dare da rana.

A fara da likitan gashi. Shi zai duba ya faɗi motsin da hannun ya isa yi da wanda bai isa ba. Waɗannan wasanni sun fi dacewa da wanda ya fara ɗan motsa wuyan hannu ko yatsu. Wanda hannunsa ba ya motsi ko kaɗan akwai atisayen da ya dace da shi, kuma likita ne zai koyar.

Kada a ja majinyaci ta raunannen hannu wajen tayar da shi. Naman da ke riƙe kafaɗa ya saki, ja ɗaya zai iya gocar da ita ya bar masa ciwon da zai hana shi atisaye wata da watanni. In yana zaune, a ɗora hannun a kan matashi ko tebur.

A sa ido kan wayo. Jiki yakan nemi hanya mai sauƙi: maimakon ya miƙe gwiwar hannu, sai mutum ya sunkuyo da ƙirji gaba ɗaya, ko ya ɗage kafaɗa zuwa kunne. Na'urar wasa za ta ba shi maki duk da haka, domin ba ta san bambanci ba. Mai jinya ne zai gani. A zaunar da shi a kujera mai majingini, bayansa a jingine, ƙafafu a ƙasa.

Gajeren zama sau uku a rana ya fi dogon zama guda da zai bar shi a galabaice. Gajiya kaɗan ba laifi. Ciwo mai tsanani, ko jiri, ko ciwon ƙirji, ko haki, alama ce ta a tsaya. Wasan tsaye kuma sai da mutum a gefe, a ɓangaren da ya raunana, an kawar da tabarma da bokiti daga hanya. Mai farfaɗiya ya tambayi likita kafin ya zauna gaban allo mai walƙiya.

A yi da wuri. Ƙwaƙwalwa ta fi karɓar sabon koyo a wata uku na farko, shi ya sa jinkirin da ake yi ana zagaye wuraren magani kafin a zo gashi yake da tsada. Addu'a da rubutu ba sa hana atisaye. A haɗa su. Wanda kuma ya shekara da ciwon bai makara ba, ana samun ci gaba ko bayan shekaru, sai dai a hankali.

Abu na ƙarshe, wanda ya fi duk na baya nauyi: wasa ba ya hana ciwon dawowa. Wanda ya taɓa samu yana cikin haɗarin na biyu. Maganin hawan jini ba a ajiye shi don an ji sauƙi. A Kumasi aka fara gwajin PINGS da mutum 60, inda aka ba majinyata na'urar awon jini da waya, ma'aikatan jinya suna bibiyarsu, domin riƙe hawan jini bayan sallama shi ne inda aka fi samun saɓani. Binciken SIREN ya lissafa ƙara gishiri a kan abinci, da yawan cin nama, da ƙarancin ganye, da ciwon suga, da sigari, da rashin motsa jiki cikin abubuwan haɗari. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin babban mutum ya kai giram 5 a rana, kimanin ƙaramin cokali ɗaya, kuma wannan ya haɗa da wanda ke ɓoye cikin dunƙulen magi da kifin gishiri irin su momoni da koobi. Ayoyo da alayyafo da kontomire kuwa suna nan a kasuwa da araha.

Kuma kowa a gida, har yara, ya san alamomin: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta saki farat ɗaya, magana ta sarƙe. In aka ga ɗaya daga ciki, a duba agogo a riƙe lokacin, a kira 112 ko a nemi mota nan take zuwa asibiti. Kada a ɗura wa mutum ruwa ko magani, domin haɗiya na iya lalacewa ya shaƙe. Sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa ake sanin toshewa ce ko fashewa, kuma allurar narkar da gudan jini tana aiki ne cikin sa'a huɗu da rabi na farko.

Wanda ke da ranar komawa asibiti a wannan mako, ya tafi da tambaya uku ga likitan gashi: wane motsi za a yi a gida, sau nawa a rana, kuma wane wasa ne ya dace da matakin da hannun yake. A duba katin inshorar lafiya tun kafin ranar, in ya ƙare a sabunta. Ranar 29 ga Oktoba ta kowace shekara ita ce ranar faɗakarwa kan wannan ciwo a duniya, kuma lokaci ne mai kyau da masallatai da ƙungiyoyin matasa na unguwa za su gayyato ma'aikatan lafiya a auna wa jama'a jini.

A shiri na gaba za mu duba matsalar magana da haɗiya bayan shanyewar ɓarin jiki, da yadda iyali za su taimaka. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinya da alheri.

(Taken rufe shiri.)